Mota Mai Ɗaki: Shirya Ta Don Aikin Rangadi A Ƙauyukan Karaye Da Rogo

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta yi magana ne a kan irin motar nan da ake gyara cikinta, a sa mata wurin kwana da ma'ajin ruwa da wutar lantarki ta kanta, yadda masu ita za su iya yin kwanaki a inda babu masauki, babu famfo, babu wutar gwamnati. Turawa sun daɗe da irin wannan mota, kuma galiban don yawon shaƙatawa suke yin ta. Mu a nan za mu kira ta mota mai ɗaki, mu duba yadda ya kamata a shirya ta don ma'aikatan da aikinsu ke kai su ƙauye su kwana: malaman gona, da malaman dabbobi, da masu allurar rigakafi, da kuma ire-irenmu masu yawon tattara tarihi da waƙoƙi da tatsuniyoyi daga bakin dattawa.

Ƙasar da muka ɗauka a matsayin ma'auni ita ce ta Karaye da Rogo a yammacin Jihar Kano, musamman wajejen Ruwan Bago, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Rogo. Wannan yanki ya yi iyaka da Jihar Katsina da ta Kaduna, ya fi birnin Kano samun ruwan sama, kuma da zarar mota ta bar kwalta sai ta shiga hanyar burji, daga nan ta faɗa turbar da amalanke da babura suka sassaƙa. Ga fadamu, ga rafukan da ke gangarawa Kogin Calawa, wanda aka gama datse shi a kusa da Karaye a shekarar 1992. Ma'aikacin da ya taso daga Kano da safe, ya ce lalle sai ya koma gida ya kwana, rabin yininsa a hanya zai ƙare, kuma zai iske manoma suna gona, ya bar garin tun kafin su dawo. Mutanen ƙauye bayan Magariba ake samunsu a zaune. Wanda bai kwana ba bai same su ba.

2.0 Abin Da Aka Riga Aka Gani

A shekarar 1950 ne kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da ƙaramar bas ɗinsa, kuma ba a jima ba wani kamfani mai suna Westfalia ya shiga sa mata gado da kabad da teburi. Daga nan abin ya yaɗu a Turai da Amurka. Kano ta ga ire-iren waɗannan motoci da yawa, domin ita ce bakin hanyar da ta ratso Sahara daga Aljeriya ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram. Tun a shekarun 1930 akwai kamfanin sufuri na Faransawa da ke jigilar fasinja a wannan hanya har Kano, sa'an nan a shekarun 1970 da 1980 matasan Turawa suka riƙa saukowa a cikin Land Rover da tsofaffin bas, suna yada zango a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke Bompai. Tawayen Buzaye da ya tashi a Nijar daga 1990, da yaƙin basasar Aljeriya daga 1992, su suka kashe wannan zirga-zirga.

Amma fa motar da ta fi kusa da abin da muke nufi ita ce motar majigi. Wani jami'in lafiya Bature, William Sellers, ya fara nuna fim a Ikko a ƙarshen shekarun 1920 don yaƙi da annoba, kuma shi aka ba shugabancin sashen fina-finai na ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1939. Motar majigi takan zo gari da kome nata: janareta, da injin nuna fim, da farin ƙyalle, da lasifika, da direba, da mai injin, da mai sharhi. Sai dai ba ta zo da gado ba, ba ta zo da madafa ba. En'e ce ke aika wa hakimi da labarin zuwanta, hakimi ya sanar da dagaci, a share fili a ƙofar fada, a sauki ma'aikatan a zaure, a kawo musu tuwo. Haka ayarin masu allurar bushiya suka yi aiki a gangamin da aka fara a 1962, haka ma masu lambar agana daga 1967.

A nan ne bambancin yake, kuma a kansa wannan takarda ta tsaya. Baturen da ya ƙera mota mai ɗaki ya yi ta ne don ya nisanci jama'a, ya rufe ƙofa ya yi girki da wanka da barci a ciki, domin ƙasarsa sanyi gare ta. Ma'aikacinmu kuwa wurin jama'a za shi, a ƙasar da zafin bazara kan wuce digiri 40. Saboda haka tasa motar rumbu ce da ɗakin aiki da tashar wuta, zaman rayuwa kuwa a gefenta ake yi, ƙarƙashin rumfa. Duk wanda ya kwaikwayi hoton da ya gani a intanet, ya cika mota da kabad da kujeru da banɗaki, ya ƙera tanda ne mai ƙafa huɗu.

3.0 Zaɓen Mota

Tambayar farko ba ta ƙarfin inji ba ce. Ita ce: in motar ta tsaya a bayan Ruwan Bago, wa zai gyara ta, kuma a ina za a sami kayanta? Abin da ya sa Peugeot 504 ta mamaye Arewa bayan buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kaduna a 1975 shi ne kowane gari na da bakaniken da ya san cikinta. A yau wannan matsayi ya koma ga Toyota, watau bas ɗin Hiace da a-kori-kura Hilux, waɗanda ake samun kayansu sabo da na hannu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Sababbin motocin da kwamfuta ke sarrafa injinsu suna da sauƙin shan mai, amma in suka yi gardama sai an jona musu na'ura kafin a gane ciwon, ita kuwa na'urar tana birni.

Tsakanin bas da a-kori-kura akwai ciniki. Bas ta fi fili, kaya kuma suna kulle a ciki, amma cikinta kusa yake da ƙasa, kuma yawancinta ƙafa biyu ke ja. A-kori-kura mai jan ƙafa huɗu ta fi ta tsawo daga ƙasa, tana ratsa inda bas ba ta iyawa, sai dai tilas a gina mata akwati a baya. Ga mai aikin rani bas ta isa. Wanda zai shiga fadamun Rogo a watan Agusta, to ya nemi mai jan ƙafa huɗu, kuma ko da ita akwai ranar da sai dai ya ajiye ta a bakin rafi ya hau babur. Kafin a yanka jikin mota ko a ƙara mata tsawo, yana da kyau a tuntuɓi jami'an duba lafiyar motoci, don takardunta su dace da sabuwar siffarta.

4.0 Nauyi

Wannan shi ne babin da aka fi yi wa sakaci, shi ne kuma ke karya mota. Kowace mota akwai iyakar nauyin da masu ita suka rubuta mata, kuma ga bas irin Hiace abin da za ta iya ɗauka, har da mutanen ciki, bai wuce kimanin tan ɗaya ba. Bari mu yi lissafi na misali, na mutum huɗu da za su yi kwana uku.

Su kansu mutanen a ce kilo 280. In kowa zai yi amfani da lita 20 ta ruwa a yini, don sha da girki da alwala da ɗan wanka, lita 240 ke nan, kuma da yake lita ɗaya kilo ɗaya ce, an sami kilo 240. Batir babba na dalma kilo 60. Farantin sola da kariyar da za a ɗaura shi kilo 40. Jarka biyu ta mai kilo 40. Safaya ta biyu da jak da akwatin sifanu kilo 60. Falanki da ƙarfen da za a yi gado da ma'aji kilo 150. Abinci da shimfiɗa da jakunkuna kilo 100. Jimla kilo 970 ke nan, alhali ba a sa ko da abu ɗaya na aikin da aka fito dominsa ba: babu magani, babu iri, babu lasifika, babu littafi.

Lissafin ya nuna inda za a rage. Ruwa ne mafi nauyi bayan mutane, kuma Karaye da Rogo ba Sahara ba ne, akwai rijiyoyi da burtsatse. Ya isa a ɗauki ruwan sha da na girki, lita 80 zuwa 100, sauran a ɗiba a gari, a tafasa ko a sa masa maganin kulorin in za a sha. Jarkoki huɗu ko biyar sun fi tanki guda: ana iya sauke su a kai bakin rijiya, in ɗaya ta huje ba a rasa duka ba, sa'an nan ba sa tangaɗi irin na tankin da ya rage rabi, wanda ruwansa kan bugi gefe ya ja mota a kan kwana. Sai katako. Kafintocinmu masu bodin roka sun saba da katako mai kauri, domin gingimari ba ta jin nauyinsa. A ƙaramar mota sai a roƙe su su yi ƙashin da siririn bututun ƙarfe, su lulluɓe da falanki marar kauri, a ɗaure shi da noti a jikin motar, kada a buga ƙusa, domin girgizar hanyar burji tana zare ƙusa kamar yadda ake zare ƙaya.

Wurin da aka sa nauyin ma abin lura ne. Batir da ruwa su zauna a ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya. Kariya ta sama ta ɗauki abu marar nauyi kawai, irin su tamfol da tabarmi. Motar da aka jibga wa jarkoki a ka, ita ce ke kifewa in ƙafa ɗaya ta faɗa rami. Kuma duk abin da ke ciki a ɗaure shi tamau, domin in aka taka birki da ƙarfi, tukunyar da ke baya za ta iske ƙeyar direba.

5.0 Wuta

A nan ne zamani ya canza al'amari ƙwarai. Motar majigi da janareta ta dogara, ga ƙara ga hayaƙi ga shan mai, kuma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kunna janareta duk dare ya zama almubazzaranci. Farantin sola kuwa ya yi araha, ya shiga kasuwannin ƙauye, har masu cajin waya sun san kansa. Abin da ya rage shi ne lissafi, domin mafi yawan masu kukan cewa sola ba ta da ƙarfi ba su taɓa auna abin da suke ɗora mata ba.

Ana auna cin wuta da wat, in aka ninka da sa'o'in da abu ya yi yana aiki sai a sami abin da ya ci a yini. Ƙaramin firjin mota mai cin wat 50, in injinsa ya yi aiki rabin yini saboda zafi, ya ci 600. Ƙwai uku na wat 5 na sa'a biyar, 75. Fanka mai wat 20 ta sa'a takwas, 160. Kwamfuta da wayoyi da rakoda, a ce 150. Jimla ta kusa 1,000. A ƙasar Kano ana iya ƙiyasta rana mai ƙarfi ta sa'a biyar a yini, don haka faranti mai wat 300 zai ba da 1,500 a takarda. A zahiri sai an cire kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Dalili kuwa, faranti ba ya son zafi: ƙarfin da aka rubuta masa a digiri 25 aka auna, kuma kowane digiri da ya hau bisa haka yana rage masa kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ga shi a kan rufin mota da tsakar rana yakan kai digiri 60. Ƙurar hunturu ma tana cin nata rabo, haka wayoyi. Abin da zai rage ya ɗan haura 1,100, watau ya biya bukata da ƙyar. Don haka a bar iska ta riƙa ratsa ƙarƙashin farantin, a goge shi kullum da safe. Akwai kuma wata matsala da ba a cika tunawa da ita ba: direba inuwar mangwaro yake nema, faranti kuwa rana yake so. Maganinta shi ne faranti na biyu wanda ake saukewa, a ja shi da doguwar waya a jingine a rana.

Batir na dalma mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe da 2,400, amma in ana zuƙe fiye da rabinsa kullum ba zai yi ƙarko ba, saboda haka 1,200 ne naka. Batir na litiyam mai rabin wannan girma yana ba da kusan haka, nauyinsa kuwa bai kai kilo 15 ba. Ya fi tsada, yana kuma son na'urar caji da ta dace da shi, amma a motar da kowane kilo ke da lissafi ya ci kuɗinsa. Ko wanne aka zaɓa, kada a haɗa shi kai tsaye da batirin tayar da mota. A sa makunni tsakaninsu, yadda inji zai caja su duka a kan tafiya, amma firji ba zai shanye na tayarwa da dare ba.

Gobarar irin waɗannan motoci galiban daga waya take tashi. Abin da ke cin wat 120 a wutar gida rabin amfiya kawai yake ja, amma a bolt 12 amfiya 10 yake ja, siririyar waya kuwa sai ta yi zafi ta narke. A yi amfani da waya mai kauri, a sa fis dab da kan batir, a sa roba duk inda waya ta ratsa ƙarfe. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa a manta da ita: mafi ƙanƙantarta za ta cinye wutar yini guda a cikin sa'a ɗaya da rabi.

Ga masu allurar rigakafi akwai gargaɗi. Yawancin magungunan suna son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, wasunsu kuma in suka daskare sun lalace ko da ido bai gani ba. Firjin da aka yi don lemo ba ya riƙe wannan ma'auni. Akwatin sanyi da aka yi musamman don wannan aiki, wanda ake ɗaukowa da ƙanƙararsa daga ma'ajin ƙaramar hukuma, shi ne abin dogaro, kuma a sa ma'aunin zafi a ciki. Tumatir da alayyafo kuwa ba sa bukatar wuta da rani. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana aiki muddin iska busasshiya ce. Hikimar salkar da direbobin roka ke ratayewa a gefen mota ce aka mayar cikin yumɓu. Da damina ba ta yin kome.

6.0 Zafi, Iska Da Wurin Kwana

Rufin mota a shafa masa farin fenti, a sa soso ko wani abin tare zafi tsakanin ƙarfe da silin. A buɗe ƙofar iska a sama, wata a ƙasa, domin iska mai zafi ta fita mai sanyi ta shigo, a rufe kowacce da ragar sauro. Sai rumfa: tamfol mai faɗi da ake ɗaurawa a gefen kariya, a kafa shi da sanduna biyu ko uku. Ƙarƙashinta ne ofis da zaure da masallaci, nan za a shimfiɗa tabarma a karɓi baƙi. Gado ɗaya a ciki ya isa, wanda da rana benci ne, ƙarƙashinsa kuma ma'aji. Amfaninsa na daren ruwa ne, ko marar lafiya, ko mai gadin kaya. Sauran su kwana a gidan sauro a waje ko a zauren da aka ba su. In da mata a ayarin, kuma aikin lafiya ba ya yiwuwa sai da su tun da su ke shiga gidaje, to a cikin gidan mai gari za su sauka, motar kuwa a sa mata labule don su sami wurin kintsawa.

Girki a waje ake yi. Risho ko murhun gawayi ko tukunyar gas, duk wanda aka kunna a rufaffiyar mota yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda kan sa mutum barcin da ba a tashi. Haka hayaƙin janareta ko na salansar mota in aka bar inji yana aiki da dare. Tukunyar gas a yi mata akwati nata, a tsaye, da rami a ƙasa mai fita waje, domin gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya.

7.0 Hanya Da Masauki

Kayan ceto ba su da yawa: safaya biyu, da kayan faci, da famfon taya, da shebur, da igiya mai ƙarfi, da guntayen katako biyu masu kauri, ɗaya don gindin jak, domin jak a kan taushin ƙasa nutsewa yake. A yashi ana rage wa taya iska don ta baje, a mayar in an fita. A laka kuwa direban da ya ji ƙafa na juyawa a banza ya ɗaga ƙafarsa daga totur, in ba haka ba kabari yake haƙa wa motar. Rafin da ya kawo ruwa a jira shi, sau da yawa cikin 'yan sa'o'i yake janyewa. Da hunturu a riƙa kaɗe matatar iska ta inji kowane kwana biyu ko uku, a duba lagireto kowace safiya.

Littattafan Turawa suna yaba kwana a dokar daji, nesa da kowa. A wannan yanki da ya haɗa iyakar jihohi uku, a shekarun da satar shanu da satar mutane suka addabi sassan Katsina da Kaduna, wannan ganganci ne. A sanar da hakimi da jami'an tsaro tun kafin a taso, a isa gari kafin La'asar ta yi sanyi, a gai da dagaci, a bar shi ya nuna inda za a tsaya, a juya kan motar ya fuskanci hanyar fita. Motar kada ta yi ado mai jan ido. In akwai rarar wuta da rana, a bar mutanen gari su caja wayoyinsu, a sa fitila ɗaya a bakin rumfa bayan Isha'i don masu zuwa hira, waɗanda su ne dalilin tafiyar tun farko.